Kunya Biyu a Gonar Gabas

Shekarun baya, kafin furfura ta kama ni, yayana ya tsaya takarar Majalisar Wakilai ta Tarayya. Manomi ne ɗan manomi. Yana gama sakandare mahaifinmu ya rasu, sai ya dawo ƙauyenmu kusa da Zakirai ya riƙe gandu: gero, dawa, gyaɗa. Ni iyakata firamare, shanun huɗa ne aikina. Manoman da yake shugabanta a ƙungiya su suka matsa masa ya fito.

Abin da yake faɗa wa jama'a ba shi da yawa. Taki ya iso kafin ruwan shuka, ba sai gero ya fitar da kai ba. A buɗe burtalin da aka nome, dabbobi su sami hanya, a huta da rigimar kaka. Sai ya rufe da magana ɗaya a ko'ina: "Tun da na ɗauki fartanya, ko kunya ɗaya ta gonar wani ban taɓa ci ba. Wanda bai ci iyakar maƙwabcinsa ba, ba zai ci haƙƙinku ba."

Duk sanda ya faɗi haka sai in kau da kai, domin ni na san ba haka ba ne, shi ne bai sani ba. Damina huɗu kafin nan, ina huɗa a gonarmu ta gabas, shanu suka karkata, garma ta tumɓuke gambar da ke iyakarmu da wani dattijo. Maimakon in tsaya, sai na miƙe layin don kada a ce huɗata ta karkace. Kunya biyu daga gonar tsohon suka shigo tamu. Na ce gobe zan gyara. Goben nan ta kai shekara huɗu.

Ni kuwa mutum ne da ke sake alwala idan ya yi shakkar shafar kunne. Har tuwo sai na tambayi maiɗakina daga wane rumbu aka ɗebo hatsin. In na yi shiru, yayana yana ta faɗin ƙarya da hannuna. In na yi magana, na miƙa wa abokan takararsa sanda.

Wata ranar kasuwa, da zai yi jawabi bayan la'asar, na same shi da hantsi a gona.

"Yaya, akwai magana."

"In maganar sanmu mara lafiya ce, na ce a kira malamin dabbobi."

"Ba sa ba ne. Ni ne."

Na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Ya taka zuwa iyakar, ya daɗe yana kallon dawar da ke tsaye a kan kunyoyin, sannan ya ce in wuce gaba.

Mun tarar da dattijon a ƙofar gida yana tufka igiya. Muka durƙusa. Yayana ya ce, "Baba, mun ci maka iyaka. Ga gonarka, da dawar da ke kanta, na shekarun baya kuma ka faɗi yadda za a yi."

Tsohon bai ɗago daga igiyarsa ba. "Ai na gani tun shekarar. Idona ne ya yi rauni, ƙafata ta san gonata."

Na ce, "To me ya hana ka magana, Baba?"

"Kun ɗauki kunya biyu, na ce bari in jira ko za ku ji ɗaya."

Ya yafe na baya, ya karɓi dawar bana.

Masu yi wa yayana yaƙin zaɓe suka ce a binne zancen. Ya ƙi. A tsakiyar kasuwa ya ce maganar da yake faɗa akwai gyara a cikinta, ya ba da labarin, bai ambace ni ba, cewa ya yi gonarsa ce ta ci iyakar maƙwabci. Kafin mako ya zagayo 'yan ɗaya ɓangaren sun raɗa masa Mai Kunya Biyu.

Bai ci zaɓen ba. Na yi watanni ina jin ni na kayar da shi, har na faɗa masa. Ya ce, "Da na ci da waccan maganar, da wane baki zan yi rantsuwar kama aiki?"

Har yau ban san ko ƙuri'u nawa gaskiyar ta janye masa ba, na kuma daina tambaya. Abin da na sani shi ne, shirun da na ɗauka ƙarami ne ya girma har ya shiga bakin wani. Dattijon ya rasu, Allah ya jiƙansa, 'ya'yansa ke noma wurin. Gambar da na sake dasawa ta kai ƙirjina. Duk damina in huɗa ta kawo ni kusa da ita, sai in tsayar da shanu, in ƙarasa kunyar ƙarshe da hannu.