Gonar Barmo a Jikin Rumbu

Barmo mutumin wani ƙauye ne kusa da Ollelewa, kuma shi kaɗai ne a garin aka ci sadakar mutuwarsa yana raye. Anasara suka ɗauke shi soja lokacin yaƙin Jamus. Da aka shekara uku shiru, wani falke ya ce ya ji an ce ya mutu. Aka yi addu'a, aka ci gumba, wansa Ila ya gaji gonarsa mai gawo biyu.

A shekarar 1921 sai ga Barmo da ƙafarsa, hannu na rawa, baki a rufe. Aka yi murna, amma da 'yar kunya, don gumba an riga an cinye. Da ya tambayi gonarsa, Ila ya ce, "Ni ban ƙi ba, ƙanena. Amma gaban liman aka raba gadonka, har aka shafa fatiha. Laifinka ne da ba ka aiko ba."

Barmo ya koma gidan Gwaggo Binta, ƙanwar ubansu. Ko taɓarya ta faɗi da ƙarfi sai ya kife a ƙasa. Wata rana ta ce masa, "Ɗana, zama ba ya maganin komai. Yaɓe mini rumbun nan."

Ya toshe kowane rami, ya goge jikin sumul. Sannan ya jiƙa farar ƙasa da jar ƙasa, ya daka gawayi da ƙaro, ya tauna tsinken kaba, ya shiga zane. Ramuka dogaye masu lanƙwasa, waya mai ƙaya, wani abu mai hayaƙi bisa ruwa marar gaɓa. Muddin yana zane hannun ba ya rawa. Ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Liman ya zo dubawa ko akwai surar mai rai, ya zagaya sau biyu bai samu ba. Barmo ya ce, "Allah gafarta Malam, inda na je ba sauran mai rai da zan zana." Wannan ce doguwar maganarsa ta farko.

A wannan shekara ɓera ya yi ɓarna a gari, amma bai taɓa geron Gwaggo Binta ba. Nan take dattawa suka gane: zanen nan hatimin Anasara ne. Wani ya ce ƙayar ita ke sukan ɓera, wani ya ce hayaƙin. Gwaggo ta san toshe ramuka ne, amma ba wanda ya tambaye ta, ita kuma ta ga yaron yana samun sauƙi, sai ta ci gaba da jan tasbaharta.

Kafin kaka biyu, har daga Tanut ana aikowa a kira Barmo. Yana yi, ramukan yaƙin suna raguwa a zanen, rijiyoyi da zangarniya suna ƙaruwa. Ya fara raha, har yakan tsokani mata masu daka.

Ila ya daure har ɓera ya cinye masa iri. Ya zo da goro. "Ƙanena, jini ɗaya muke. A yi mini hatimi mai ƙarfi."

"Mafi ƙarfi zan yi maka, Yaya. Amma in ka goge, kada ka neme ni."

Kwana uku yana aiki. Da ya sauka, mutane suka taru, kuma karon farko ba wanda ya nemi fassara. Gawo biyu ne, da surin da ke gabas, da iyakar gamba, da hanyar rijiya. Ko 'yan tallar fura sun gane.

Rumbun yana bakin hanyar masallaci. Sau biyar a yini dattawa suna wucewa, suna duban bangon, suna duban Ila. "Malam Ila, ina gajiya? Ashe gonar marigayi ce ke tsare maka gero." Ya so ya yaɓe da laka, ya tuna ɓera. Ya rufe da zana, matarsa ta yaye, ta ce kada hatimi ya shaƙe.

Da hadarin farko ya taso, Ila ya je wurin liman da kansa, ya tambaya ko fatiha tana warwaruwa. Liman ya ce a duba littafi. Kafin a gama dubawa, Barmo ya yi shuka a gonarsa.