Jan Launin Baranda

Shekarar da aka ɗora mini kula da gyaran wani tsohon ofishin gwamnati a Garwa, ginin zamanin Turawa, an haɗa ni da wata Madam daga Yawunde, masaniyar tsofaffin gine-gine. Mace ce mai kirki, sai dai ko ƙusa ba a cirewa sai ta ɗauki hotonta.

Da muka kankare farar ƙasar bangon baranda, sai wani launi ya fito daga ƙasa zuwa gwiwa, ja mai duhu, dabbare-dabbare. Madam ta durƙusa ta daɗe tana kallo.

"Wannan ne fentin asali," ta ce da Faransanci. "A maido da shi yadda yake."

Mai fentinmu, wani magidanci ɗan Tibati, ya kwana huɗu yana haɗa launi a gwangwanaye, har jar ƙasa ya tankaɗe ya zuba. Kullum sai Madam ta kara launin da bango ta girgiza kai. Rana ta biyar ta amince, ya shafe rabin baranda kafin azahar.

Ana cikin haka wani dattijo ya shigo yana dogara sanda. Ashe tsohon masinjan ofishin ne, ya zo ganin aiki. Na gaishe shi, na nuna masa inda ba a shafa ba tukuna.

"Baba, kun tuna wannan fentin?"

Ya sunkuya ya duba. "Wane fenti, ɗana? Goro ne. Nan benci yake. Mutum ya zauna tun safe yana jiran a buga masa hatimi, me zai yi in ba cin goro ba? A tauna a tofar. Wancan mai duhun na bakin ƙofa, nawa ne."

Madam ta ce in fassara mata. Na yi tari, na gyara hula, sannan na faɗa. Sai ta fashe da dariya tana dafa ginshiƙi.

Mai fenti dai bai yi dariya ba. "Wato yawun mutane nake ta kwaikwayo?" ya ce, ya ajiye buroshi ya tafi alwala.

Madam ta sa aka mayar da barandar fara, amma ta hana a taɓa jan da ke bakin ƙofa, aka rufe shi da gilashi. Ranar buɗe gini Baba ya zo da babbar riga, ya tsaya a wurin yana yi wa manyan baƙi bayani. Da ƙyar muka samu ya koma kujerarsa aka fara jawabi.