Makullin Bayin Gidan Burodi

Raƙuma suke ce wa Yayata a gidan burodin, ita kuma har taya su dariya take yi. Shekara goma sha huɗu tana tsaye a ɗakin da ke jikin tanda, tana zuba burodi a leda tana ƙullewa, ba wanda ya taɓa ganin ta kai kofi baki a lokacin aiki, ko a watannin da kwalta ke kama takalmi.

Tana jin ƙishi kamar kowa. Bayi ɗaya ne a gidan, da kwaɗo a ƙofarsa, makullin kuma yana aljihun Manaja. Maza ba ruwansu, su zaga bayan katanga su dawo. Mace kuwa sai ta ratsa ta cikin masu kwaɓa fulawa, ta tsaya gaban teburin Manaja ta roƙa. Ranar da Yaya ta fara roƙa, Manaja ya ɗaga makullin sama yana kaɗawa.

"Minti nawa za ki yi? Faɗa mu ji."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Ba ta sake tambaya ba. Ta kafa wa kanta doka: daga asuba ba ruwa sai ta dawo gida.

Abin da ya fi ci min rai, duk unguwarmu babu wanda ya kai ta sanin dabarun zafi. Ita ta koya min rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, da naɗe jarka da tsumma mai laima. Da yamma ka gan ta tana bin 'ya'yanta uku da kofi tana faɗa: "Shanye! Wanda ba ya shan ruwa a zafin nan, ƙodarsa yake dafawa." Ta sani sarai. A wurin aiki kuwa jiƙaƙƙen tawul take ɗorawa a wuya, ruwan ya taɓa ko'ina a jikinta ban da maƙogwaro.

Na sha yi mata magana. "Yaya, ko kurɓa ɗaya ki riƙa yi mana."

"Ƙanwata, abin da ya shiga ai sai ya fita. A ina?"

"To ki bar aikin."

"Ubansu yana ƙasa. Ke za ki ciyar min da su?"

Sai in bar zancen, don ni ma da kyar nake riƙe nawa gidan. Barin zancen nan har yau ina jin haushinsa.

Zafin bana ya wuce misali. Bayanta ya fara ciwo, ta koma haɗiyar maganin ciwon jiki da miyau kawai. Wata Talata da tsakar rana ta yanke jiki ta faɗi tsakanin kwandunan burodi. Ranar Manaja ya buɗe bayin da gudu ba tare da an roƙe shi ba, don a ciki famfon yake, a can aka ɗebo ruwan da aka sheƙa mata.

A asibiti likita ya ce ƙodojin biyu sun gaza. Wankin ƙoda sau biyu a mako, ruwa kuma ƙaramin kofi biyu a yini, in ta wuce haka zai taru mata a ƙirji. Manaja ya zo dubiya da burodi biyu a leda. Ya ce yanzu ya ajiye wa ma'aikata jarkar ruwan sanyi, har ya manna takarda a bango cewa a riƙa sha. Na ce, "Makullin fa?" Ya shafa aljihunsa, ya ce Allah ya ƙara sauƙi.

Yanzu tana kwance a gidana, bayi taku uku daga gadonta, ko sakata babu. Sau biyu na kama ta a bakin randa, ƙafafunta a kumbure, dole na mayar da randar ɗakina na sa kwaɗo. Jiya da azahar, leɓɓanta duk sun tsage, ta kira ni a hankali.

"Ƙanwata, ɗan ba ni makullin nan. Minti ɗaya kawai zan yi."

Yana ɗaure a haɓar zanina. Na ce mata a'a.