Alawayyon Inna Tasalla

Inna Tasalla mai daddawa, maƙwabciyata a Badarawa, duk gari an san iyakarta: kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ta dawo kafin la'asar. Da aka yanke mana jihar Zamfara ana ta murna wai Gusau ta fi Sakkwato kusa, ita taɓe baki ta yi. "Su duka biyun ƙarshen duniya suke," in ji ta.

Mukan yi mata dariya, amma ba mu kyauta ba. Mijinta cirani ya tafi kudu tana goyon 'yarta Zulai, zazzaɓi ya yi ajalinsa a can. Hularsa kaɗai aka kawo mata, har yau ba ta san kabarinsa ba. Tun daga nan tsoronta ɗaya ne, kada ta mutu inda ba a san ta ba.

Zulai ta girma, ta auri wani ma'aikacin jirgin ƙasa a Ƙaura Namoda. Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci, ta samu cikin fari. An shirya za ta zo gida ta haihu, sai ga saƙo wai ta sauka a can, namiji, amma ta sha wuya har likita ya hana ta tafiya. Ba mai yi mata wankan jego sai wata maƙwabciya, Veronica, ita kuwa ba ta san kansa ba.

Kwana biyu Inna ba ta ci abin kirki ba. Ran na uku da safe na tarar tana haɗa kaya a kwando, kanwa da daddawa da ganyen dogonyaro dami guda.

"Inna, ai akwai dogonyaro a Ƙaura."

"Ke kin gani? Ni ban gani ba."

A ƙasan kwandon na hango farin alawayyon da ta ajiye don likkafaninta. Tausayinta ya kama ni.

Lokacin an ware wa mata motarsu, muka yi ta jira har hantsi kafin ta cika. Ni na raka ta. Kowane rami sai ta yi salati ta matse mini hannu, har muka isa.

Ranar suna na koma Ƙaura. Na same ta bakin murhu tana yi wa Veronica faɗa a kan damun kunun kanwa, Veronica na dariya tana kiranta Inna. A igiyar shanya kuma ga fararen ƙyallaye jere, an yayyanka.

"Inna, ba alawayyonki ba ne wannan?"

"Shi na. Wanga yaro shina ɓata tsumma, mi za ni yi?"

"To in ta Allah ta kasance fa?"

Ta karɓi jaririn daga hannun Zulai, ta daɗe tana kallonsa.

"Su sawo wani. Ko nan nim mutu, ai ga wanda za shi nuna kabarina."