Hannun Yaya da Tuwon Goggo

Ko a kabari aka tashe ni aka ce in faɗi abin da ya fi tsaya mini a rai, shekarar da Yayata ta fara darasin anatomi zan ambata. Lokacin ina sakandare, muna zaune a Ƙofar Marusa. Ni ba mai magana ba ce, amma idona bai cika barin abu ya wuce ba.

Yaya tana karatun likita, aji ɗaya da ɗan Kawunmu na Kambarawa. Anatomi shi ne darasin sanin sassan jikin mutum, kuma ba a littafi kaɗai ake koyonsa ba, sai an sa hannu an feɗe gawa. Tun makon farko ta riƙa dawowa da warin maganin da ake jiƙa gawar da shi, mai yaji kamar zai sa hawaye. Duk da safar hannu da take sawa, ina jin sa a yatsunta in tana yi mini kitso.

Wata Asabar Goggo, yayar Baba, ta zo wuni. Yaya ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ta durƙusa ta ajiye mata. Goggo ta buɗe kwanon, ta shinshina, ta mayar da murfi, ta ture shi da bayan hannu.

"Ɗiyar nan, da hannun da kike tonon cikin matattu kika kwashe mini tuwo? Gawar ma ta namiji, an ce?"

Yaya ta ce ai da safa suke aiki, kuma ta wanke hannu. Goggo ta ce ko da ruwan Zamzam ta wanke. A daidai lokacin, ta labulen zaure ina hango ɗan Kawu da hannunsa cikin kwano ɗaya da Baba, yana ba shi labarin zuciyar mutum da ya ɗauka jiya. Baba yana dariya yana cewa, "Likita bokan Turai!"

Maganar ta bazu. Maƙwabta suka daina karɓar abincinmu sai sun tambayi wa ya dafa. Ranar sunan ɗiyar maƙwabciyarmu aka hana Yaya ɗaukar jaririya. Na sha ganin ta a bakin rijiya tana dirzar yatsu da toka da lemun tsami har fatar ta tsage. Inna ta gaji da surutun mutane, ta zaunar da ita tana kuka, ta roƙe ta da girman nonon da ta sha ta daina taɓawa, ta riƙa kallo kawai. Yaya ba ta iya ƙarya ba. Da ta ce to, to ɗin ke nan.

Ni ke wanke mata farar rigar aji, don haka ni na fara ganin canjin. Bakin hannun rigar ya daina tabo, amma aljihunan suka zazzago, ɗinkinsu ya fara warwarewa. Can take cusa hannayenta, tana tsaye bayan maza tana leƙe. Ta ce mini ba ita kaɗai ba ce, akwai 'yan mata da yawa a layin baya, kowacce da irin Goggonta a gida.

A jarrabawar rubutu ba ta da matsala. Amma akwai ta aiki, inda ake soka fil a jikin wata jijiya, a ce ka faɗi sunanta kafin ƙararrawa ta kaɗa. Ta ce a littafi jijiyoyin ja ne da shuɗi, a jikin gawa kuwa duk launin ƙasa ne, sai wanda yatsunsa suka saba ke bambance su. Ta faɗi jarrabawar. Ta maimaita, ta sake faɗuwa, aka mayar da ita wani sashen.

Ranar da aka zo jaje, Kawu ya gyara zama ya ce, "Ai dama an sani, wanga darasi maza sun fi mata. Mace ba ta da zuciyar." Ɗansa, wanda da bayanan da Yaya ta rubuta ya yi bita, ya sunkuyar da kai yana latsa waya.

Da yamma Yaya ta kawo tuwo. Goggo ta cinye tas, ta suɗe yatsa, ta ce, "Kai, ɗiyar nan akwai hannu."

Yau ɗan Kawu likita ne. In Goggo ba ta da lafiya sai ta yi ta faɗa, wai asibiti ba likitoci mata, sai ƙato ya duba ta. Ni dai abin da na koya shi ne, duk sa'ad da na ji an ce maza sun fi mata a wani fanni, kafin in dubi sakamako sai in tambayi wa aka ɗaure wa hannu.