Sunan Baban Hajjo

Alhamis ce, an fara yankan gero. Mazan rugarmu sun tafi kasuwar Maigatari tun da asuba. Mijina, baban Hajjo, bai je ba, saboda ƙafar wata karsana ta kumbura. Yana gindin aduwa yana daka mata magani. Ni ina kaɗa nono. Hajjo, 'yarmu, tana tsince wake.

Shekara ashirin da biyu muna tare, ban taɓa kiran sunansa ba. A wajenmu mace ba ta yi, kunya ce. Duk sanda masu rubutu suka tambaye ni sunan maigida, sai in sunkuyar da kai, na kusa ya amsa. Surukata ta ce Buba Manu, aka sa a katin awona. Wata maƙwabciya Bahaushiya ta ce Garba Shehu, aka sa a takardar makarantar Hajjo. A tsallaken iyaka, masu allurar shanu suka rubuta Boubacar Ousmane. Na katin zaɓe ne kawai ya fito daga bakinsa, kuma katin kullum yana aljihunsa.

Goma da kwata, rediyo ya gama labarai. Sai ƙarar babura daga gabas. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kare ya yi haushi sau uku, ya yi shiru. Sannan bindiga.

"Ɗauki yarinya! Cikin gero!"

Maganar mijina ta ƙarshe da na ji ke nan. Na fizgi ledar takardu daga bakin gado, na bar takalmi. Da na waiga, yana kwance igiyar karsanar nan. Ina jin so yake ya sake ta.

Muka kwanta tsakanin kunyoyin gero har azahar. Na rufe bakin Hajjo da tafin hannu. Muna jin jinkar ɗakuna tana fashewa a wuta, shanu na kuka ana kora su arewa. Wani ya wuce kusa da mu yana dariya a waya.

Da la'asar muka miƙa kudu, ta gonaki, ba ta hanya ba. Muka kwana a rumfar wani mai gona. Juma'a ƙarfe takwas muka shiga wani ƙauye a hanyar Gumel, inda aka tara waɗanda suka gudo. Mata a filin makaranta, maza a masallaci, can ƙarshen gari. Aka ce mota ta kawo gawawwaki daga wajenmu, kuma sunayen suna wurin wani malami mai rajista a gindin darbejiya.

Ƙarfe tara na kai gabansa. Ya tambayi sunan mijina. Na miƙa takardu uku. Ya jera su a tebur, ya ce ni matar maza uku ce? Na gefensa ya yi dariya. Malamin nan Bahaushe ne. Ya san wane ne Garba, ya san wane ne Shehu, ƙaramin yaro ma ya sani. Ya ce babu ko ɗaya a littafinsa, in koma baya.

Na yi ajin yaƙi da jahilci shekara biyu. Na ari biro na rubuta sunan a bayan katin awo, harafi bayan harafi. Sha ɗaya da rabi na sake kaiwa gaba. Yana cin gyaɗa. Bai ko duba ba. Ya ture katin da bayan hannu, ya ce shi takarda mai hatimi yake karantawa.

Aka kira sallar Juma'a, ya rufe littafi ya tafi. Na zauna a ƙasa. Sau nawa na buɗe baki ina gwadawa, sunan ya maƙale. Ina ƙyamar malamin, ina ƙyamar harshena.

Ƙarfe uku ya dawo. Na tsaya a gaban mutane, Hajjo na riƙe da zanena.

"Abubakar Usman."

Muryar kamar ba tawa ba. Malamin bai ma buɗe shafi ba, sunan da aka kwafo daga katin zaɓe yana ƙarƙashin gwiwar hannunsa tun safe. Wani dattijo ne ya juyo, da jar ƙasa a ƙafafunsa. Ya ce, baiwar Allah, mai tabo a haɓa? Ya ce sun kira sunan sau uku a ƙofar masallaci ko akwai ɗan'uwansa, ba wanda ya amsa. Sun rufe shi bayan an sauko. Ya nuna mini kabari na huɗu daga itacen kuka, ya ce yana zaton shi ne, ko na biyar.

Yanzu muna Gumel, a ɗakin ƙanwata. Takardun na nan a leda. Abin da muka rasa: shanu goma sha ɗaya, rumbu biyu, ɗaki uku. Mutum ɗaya. Sau ɗaya na kira sunansa, bai ji ba.