Abin da surukar ƙawata ta faɗa wa likita

Shekarun baya ne, shekarar da aka haƙa mana rijiyar burtsatse a Paikon Kore, kafin autana ya yi aure. Ina suyar ƙosai a ƙofar ƙaramin asibitinmu. Ni ban taɓa zama a aji ba, amma a gefen ruga na tashi, Fillanci a bakina kamar ruwa. Duk sanda matan Fulani suka zo, sai likitar ta leƙo: "Mama, zo ki taimaka mana." In bar mai a wuta in shiga. Kyauta nake yi, kuma ina jin daɗin a ce sai da ni.

To kun san ni da baki. Labari ba ya kwana a cikina.

Wata rana aminiyata, Bafulatana mai kawo mini kindirmo, ta rako matar ɗanta. Likita ta kira ni, ta ce aminiyata ta jira a waje. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta faɗi wata magana da in ta isa ruga, aurenta na iya girgiza. Na juya wa likita ita da Hausa yadda ta faɗa, ban ƙara ko gishiri ba. Sai ta damƙe gefen zanena ta ce, "Inna, don Allah."

Muna fitowa aminiyata ta ja ni bayan kasko.

"Me ta ce?"

"Ki tambaye ta."

"Ke? Ke da kike ba ni labarin unguwa kaf tun ban sauke ƙwarya ba?"

Na ce, "Wancan bakina ne. Na ɗakin can aronsa na ba yarinyar."

Ta ɗauke ƙwaryarta. Damina biyu ba ta gaishe ni ba. Wallahi sau nawa maganar ta zo mini har maƙogwaro, in haɗiye ta da ruwa! Amma sai matan ruga suka fara cewa ba za su shiga ba sai mai ƙosai ta zo. Tun daga nan, in an tambayi aikina, tafinta nake fara cewa, sannan ƙosai.

Likitar an mayar da ita cikin gari, na ji ta rasu. Aminiyata mun shirya kafin Allah ya ɗauke ta, kuma har ta tafi ba ta sani ba. Saura ni da yarinyar, tana ɗakinta da 'ya'ya biyar. Ku ma kuna jira in faɗa muku ko? Ku tambaye ta.